Shuɗin maɓallin Boost: ya cancanci kuɗinka?

Assalamu alaikum, 'yan kasuwar Sakkwato. Duk mai shafin sana'a a Facebook ko Instagram ya san shuɗin maɓallin nan da ke ƙarƙashin hoton da ya ɗora, wanda aka rubuta wa Boost. Kullum yana nan yana kiranka: kawo 'yan kuɗi kaɗan, mu nuna wa dubban mutane kayanka. To, a danna ko a bari?

Mu fara da dalilin da ya sa kake jin kana buƙatarsa. A watan Janairun 2018, Mark Zuckerberg, shugaban kamfanin Facebook, ya sanar cewa Facebook zai riƙa fifita abin da dangi da abokai suka ɗora a kan na shafukan kasuwanci. Shi ya sa za ka ga mai shago yana da mabiya dubbai, ya sa hoton sabuwar shadda, amma 'yan tsiraru ne suka gani. Ba sammu aka yi maka ba, Alhaji, tsarin kamfanin ne. Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, da talla yake cin abinci.

In ka danna maɓallin, gwanjo ka shiga. Duk lokacin da wani ya buɗe wayarsa a Mabera ko Arkilla, kwamfuta na duba masu tallan da ke neman idonsa, ta auna kuɗin da kowa ya sa, da kyawun tallan, da yiwuwar mutumin ya kula shi. Saboda haka babu tsayayyen farashi. Hoto mai duhu da rubutu marar kan gado sai ya fi cin kuɗi, don mutane wuce shi suke yi.

Boost kamar ɗaukar mai shela ne a Babbar Kasuwa. Zai tara maka jama'a a ƙofar rumfa, amma ba shi zai yi ciniki ba, kuma duk wanda ka ce ya kira, shi zai kira.

Nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Kafin tallan ya tafi, ana tambayarka abin da kake so: a yaba hoton, a ziyarci shafinka, ko a turo maka saƙo. In ka zaɓi yabo, na'ura za ta nemo maka gwanayen danna alamar so, mutanen da ko kwabo ba su da niyyar kashewa. Ka wayi gari da ɗaruruwan "Masha Allah", aljihu kuwa wayam. Mai son ciniki saƙo yake zaɓa, musamman wanda ke kai mutum kai tsaye WhatsApp ɗinsa, domin a can ake tambayar "nawa ne na ƙarshe?"

Sai maganar wuri. Da yawa suna barin tallan a buɗe ga Najeriya gaba ɗaya. Hajiya mai dambun nama da alkaki a Gawon Nama, wadda ɗan kabu-kabu ke kai mata saƙo cikin gari, me za ta yi da mai kallo daga Fatakwal? Ta zaɓi Sakkwato da 'yan kilomitocin da ke kewaye, iyakar inda mashin zai kai kaya bai huce ba. Amma mai jakunkuna da takalman fatar jan akuya, ko mai kilishi, ko dillalin albasa da ke lodi zuwa kudu, shi kam Abuja da Legas da Kaduna ne kasuwarsa, tunda kayansa na jure tafiyar mota.

Yanzu mu yi lissafi, a matsayin misali. A ce kina sayar da turaren wuta, ribarki a kowace kwalba naira 1,500 ce, kika ware naira 10,000 don talla. Tun farkon 2022 Meta ke ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallan Najeriya, wato ƙarin naira 750. Kenan sai kin sayar da kwalba 8 kafin ki ce kin fita. Idan mutum 40 suka yi magana, 10 suka saya, kin ci riba, kuma wasunsu za su dawo ba tare da kin sake biyan ko sisi ba. Idan 2 ne suka saya, ba sai an faɗa miki ba. Wanda ribarsa a kan kaya naira 200 ce, wannan lissafin da wuya ya fitar da shi.

Masu iPhone, ku saurara da kyau. Tun 2024, in ka biya kuɗin Boost daga cikin manhajar Facebook ko Instagram a iPhone, akwai kashi 30 cikin ɗari da ke tafiya wurin Apple, kamfanin da ke yin iPhone. Ka buɗe shafin ta burauza, wato manhajar shiga intanet irin su Chrome ko Safari, ko a kwamfuta, ka biya a can, wannan cajin bai hau kanka ba.

A ganina, bai kamata a sa kuɗi a kan hoton da ko mabiyanka ba su kula ba. Ka duba cikin abin da ka ɗora a baya, wanne ne mutane suka fi tambayar farashinsa? Shi za ka tura. Ɗan gajeren bidiyo da hasken rana, a ga hannu na buɗe atamfar, a ji muryarka da Hausarka, farashi a rubuce, unguwa a rubuce. Rabu da "shigo inbox" ɗin nan, yana korar masu saye na gaske.

Kuma kada ka saki talla ka tafi ɗaurin aure Tambuwal wayarka a kashe. Wanda ya turo saƙo bai ji amsa ba, kafin la'asar ya saya a wani wuri, kai kuwa an riga an cire kuɗinka.

Ka fara da kaɗan, ka bar shi ya yi kamar mako guda, kada ka riƙa taɓa shi kullum. Ka ajiye littafi kusa, duk wanda ya saya ka tambaye shi inda ya gan ka, ka rubuta. Ranar da tallan ya ƙare, ka haɗa ribar waɗanda suka ce daga tallan suka zo, ka cire abin da ka biya har da haraji. Abin da ya rage shi zai gaya maka ko za ka sake dannawa.