Tafiya Ganin Tuddan Yashin Bulatura: Wane Wata, Wace Sa'a?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka.

Tudun rairayin da zan ba ku labarinsa, wanda iska ta yi wa zane kamar an bi shi da mataji, yana ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, dab da iyakarmu da Nijar. Daga ƙauyenmu da ke gefen Birniwa, in mutum ya yi sammako ya bi ta Nguru da Gashuwa, a ranar zai kwana kusa da shi. Yankin ana kiransa Bulatura, kuma shi ne ɗaya daga cikin sassa uku na Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. Sauran biyun su ne fadamun Bade da Nguru, inda tafkin tsuntsaye na Dagona yake, sai kuma Chingurmi-Duguma can jihar Borno wajen iyakar Kamaru.

Mu 'yan Jigawa yashi ba baƙonmu ba ne, sunan jihar ma daga jigawar rairayi ya samo asali. Amma wannan dabam ne. Tuddai ne na zallar yashi, ka hau ɗaya ka hango wani, a tsakaninsu kuma kwari mai dausayi, da dabino da goruba da ruwa a kwance, inda mutanen wurin ke haƙar kanwa. Tunda na fara nuna hotunan wurin, samarin garinmu ba su bar ni na huta ba: yaushe za mu je? To amsar tambayar nan ita ce zancenmu na yau, domin wurin da zai burge ka a Disamba shi ne zai iya kwantar da kai a gadon asibiti a Afrilu.

Bari in fara da bazara, don ita ce na ɗanɗana da jikina. Zuwana na farko a watan Afrilu ne. Mun makara da tashi, sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka sauka daga kwalta muka shiga yashi. Ba mu yi nisa ba motar ta nutse har gindi. Muka fito turi, ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa, ƙarfen mota ba ya taɓuwa, jarkar ruwan da muka ɗauka ta koma kamar an ɗora ta a murhu. Wani dattijo mai raƙumi da ya taimaka mana ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya ce muku a shiga yashi rana tsaka? Da asuba ake zuwa, ko a jira la'asar." Na ce, "Baba, ba mu sani ba ne." Ranar ƙanina da muka tafi tare sai da ya yi amai sau biyu kafin mu kai inuwa, kuma har yau in na tuna yadda idanunsa suka faɗa gabana na faɗuwa.

A wannan yanki, watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. A inuwa fa na ce. Yashin da rana ta daka yana wuce haka nesa ba kusa ba. Don ku ga iyakar abin, ku ji labarin wani gandun hamada a Amurka, a jihar Kalifoniya, wanda Turawa suka sa wa suna da harshensu Kwarin Mutuwa. A ranar 10 ga Yuli, 1913, an auna zafin iska digiri 56.7 a wurin. A Yulin 1972 kuma aka auna zafin doron ƙasa ya kai kusan digiri 94, saura kaɗan ya kai na tafasar ruwa. Shi ya sa masu kula da gandun ke gargaɗin baƙi cewa a lokacin zafi kada kowa ya yi yawon ƙafa a kwarin bayan ƙarfe goma na safe, kuma kowane mutum ya sha aƙalla lita 4 ta ruwa a yini. Namu bai kai nasu ba, amma a kan ƙanina na ga cewa ba sai ya kai ba. Ga kuma sanƙarau, wanda mun san lokacinsa ke nan, lokacin zafi da ƙura. Bazara dai a cire ta daga lissafi.

Damina fa? Akwai abin sha'awa a cikinta. Ruwa ya daddale yashi, ciyawa ta fito a gindin tuddai, dausayi ya cika. Sai dai wane manomi ne zai bar gero ana noman farko ya tafi yawon buɗe ido? Ban da haka, hanyoyin fadama tsakanin Haɗeja da Nguru kan sha ruwa a Agusta da Satumba, ga sauro. Wani abu kuma da mutane ba sa kawowa a rai: ruwan sama a busasshiyar ƙasa ba ya tsayawa ya nutse, gudu yake yi ya taru a kwari. A wancan gandu na Amurka, ranar 5 ga Agusta, 2022, ruwan 'yan sa'o'i ya yanke hanyoyi ya tare kusan mutum 1,000 a ciki. Duk inda ka je a hamada lokacin ruwa, kada ka yi shimfiɗa a cikin busasshiyar ƙorama, ko da sama tangaran take a inda kake.

Sai kaka. A nan ne lissafi ke fara daɗi, amma a yi hankali da farkonta. Oktoba tana da nata zafin, wannan rana mai ƙosar da dawa, mai haɗe da gumi. Ƙarangiya ta nuna, kana taka ciyawa ta cika maka wando da safa. Macizai da kunamu suna ta yawo, duk manomi ya san lokacin girbi ne aka fi samun sara. Saboda haka ni ba na cewa a tafi da zarar ruwa ya ɗauke. A bari a yanke gero, a ɗaure dammuna, a roro wake, iskar gabas ta fara kaɗawa.

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, a ganina, nan ne zuciyar lokacin. Zafin kaka ya karye, hazo mai kauri bai riga ya sauka ba, sama garau, ruwan dausayi bai janye ba. Aikin gona ya yi sauƙi, an kai amfani kasuwa, akwai ɗan abin mota a aljihu. Kuma tsuntsaye sun iso. Ku lura da wannan, don abin yana ba ni mamaki kullum: shamuwa da ke zuwa mana da albishir ɗin damina tana tattarawa ta yi kudu in ruwa ya ƙare, daidai lokacin da wasu baƙin ke sauka daga Turai, sun tsallako Sahara gaba ɗaya don su guje wa ƙanƙarar ƙasarsu. Suna cika fadamun Haɗeja da Nguru, a Dagona da kuma Baturiya ta nan jiharmu, su haɗu da dinya da kirinjijiya da balbela, har wajen Maris su juya. Wanda ya tsara tafiyarsa da kyau zai tsaya ya ga tsuntsayen ruwa a hanya, washegari ya hau tudun yashi.

Magabata ma haka suka yi lissafi. Ayarin raƙuman Buzaye da ke tashi daga ƙasar Abzin zuwa Fachi da Bilma ɗauko kantun gishiri da dabino, da kaka yake ɗaura tafiya, wajen Oktoba, ya keta hamadar Tenere bayan zafi ya fara sauka. Babu madugun da zai ja ayari cikin wannan yashi a tsakiyar bazara da son ransa.

To hunturu sosai fa, ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu? Ana zuwa, kuma jiki ya fi jin daɗin tafiya da rana. Matsalarsa biyu ce. Ta farko hazo. Ƙurar nan da ke rufe mana gari yawancinta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele, busasshen gindin tsohon tafki ne, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta kawo mana. In ta sauka da ƙarfi, tudun da ke gabanka ma da ƙyar za ka gan shi, direba ba ya hango alamar hanya, hoto ya fito fari fat. Mai asma ko tari kuwa wahala zai sha. Sauƙin abin shi ne hazo zuwa yake yi ya yi 'yan kwanaki ya lafa, saboda haka kada ka yanke rana ɗaya tak. Ware mako guda, ka riƙa kiran wani na can kana tambayar yadda gari ya wayi.

Ta biyu ɗari. Mutane da yawa suna zaton hamada zafi ce dare da rana. Dalilin da ya sa ba haka ba ne shi ne, laimar da ke cikin iska da gajimare su ne bargon ƙasa, su ke riƙe zafin yini. A inda iska ta bushe ƙayau babu wannan bargo, rana na faɗuwa zafi ya tsere sama. A Disamba da Janairu dare kan sauka ƙasa da digiri 15 a wannan yanki, kuma a fili, inda babu katanga babu zana, iska na shiga har ƙashi. Ka tafi da bargo da rigar sanyi da rawani ko hirami na rufe hanci, da man shafawa saboda kaushi da tsagewar leɓe.

In kuwa Allah ya ɗaga wani ya tafi ganin hamadar wata ƙasa, kada ya ɗauki kalandarmu ya tafi da ita. Namibiya, inda gandun Namib-Naukluft yake da jajayen tuddai, tana kudu da tsakiyar duniya, sanyinsu yana faɗowa ne a Yuni da Yuli, lokacin da mu muke cikin damina.

Yanzu mu zo kan sa'a, wadda a wurina ta fi wata muhimmanci. Ko a Disamba ka je, in ka shiga yashi rana tsaka ka ɓata tafiyarka. Da sanyin safiya ake kama fara. Ka kwana kusa, ka yi sallar asuba, gari na fara haske ka kama hanya. A lokacin yashi yana da ɗan danshin dare, ƙwayoyinsa a manne, taya na hawa kansa. In rana ta ɗaga ya bushe ya saki, ya zama kamar gari, nan ne mota ke nutsewa, kamar yadda ta yi mana. Kuma ina da wasu hotuna guda biyu. Tudu ɗaya ne. Na farko da hantsi aka ɗauka, rana na gefe, kowane zane da iska ta yi ya fito da inuwarsa, har sawun ƙadangare da na ƙwaro da suka bi cikin dare ana gani. Na biyu da azahar, babu inuwa, komai ya baje ya zama fari, ido ma ba ya iya kallo.

Daga walaha, wajen ƙarfe goma, ka sauka kwari ka nemi inuwar goruba. Ka ci abinci, ka yi azahar, ka yi hira da masu haƙar kanwa, ka huta kamar yadda mutanen wurin da dabbobinsu ke yi. Bayan la'asar ka sake hawa. La'asar sakaliya yashin yakan koma ja kamar garwashi, kuma wannan ne kallon da ba na mantawa. Amma kafin almuru ka tabbata ka san inda za ka kwana, domin tuddai kama suke da juna, duhu na shiga kowane ya zama ɗaya.

Daren ma akwai zaɓi. Mai son taurari ya daidaita zuwansa da duhun wata, ƙarshen watan Musulunci ko farkonsa. A Nuwamba da Disamba Kaza da 'Ya'yanta na fitowa tun farkon dare, kuma a inda babu fitilar gari za ka ga taurarin da ba ka taɓa sanin akwai su ba. Mai son ganin yashi yana ƙyalli kuma ya jira daren sha huɗu. A duba watan azumi ma, tunda kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, hawa tudun yashi da ƙishirwar azumi ba ƙaramin abu ba ne ko da sanyi ake yi.

Duk wannan lissafi ba ya aiki sai hanya tana da lafiya. Kafin ka tashi, ka tuntuɓi ma'aikatan gandun, ka ji halin tsaro a makon da za ka je, kuma in ka isa ka fara gaida mai gari kafin ka hau tudu, ƙasar mutane ce, gonakinsu da rijiyoyinsu ne a kwarin. Ka ɗauki ɗan gari ya yi maka jagora, matambayi ba ya ɓata. Mota ta zama mai ja da ƙafa huɗu, direba wanda ya saba da yashi, ya san rage iskar taya kafin shiga, da shebur da igiya a baya. Ruwa kuma ka ɗauki fiye da abin da kake zaton za ka sha, ko da ɗari ake yi, don busasshiyar iska na zuƙe ruwan jiki ba tare da ka ga gumi ba. Sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a can, saboda haka ka faɗa wa na gida ranar da za su sa ran dawowarka.

Mu dai a nan mun riga mun yanke shawara da samarin. In an gama sussuka an zuba a rumbu, za mu jira duhun watan da ya faɗo tsakanin ƙarshen Nuwamba da tsakiyar Disamba. Mu kwana a Gashuwa, mu leƙa Dagona da safe, washegari asubar fari mu nufi Yusufari. Ƙanina ya ce da shi za a koma, in sha Allahu. Sai mun dawo ku ga hotunan.