Amsoshin Tambayoyinku: Manyan Alƙalai da Abin da Suka Bari a Tarihi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware a wannan mako duka sun shafi alƙalan manyan kotuna ne, mutanen da ba kasafai ake jin muryarsu a bainar jama'a ba, amma alƙalaminsu yakan sauya rayuwar al'umma baki ɗaya.

Wani mai sauraro ya rubuto yana tambaya: wane ne aka fara kira Alƙalin Alƙalai a tarihin Musulunci? Amsa ita ce Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, wanda ya riƙe wannan muƙami a Bagadaza a zamanin Halifa Haruna Rashid, ya kuma rasu a shekarar 798 Miladiyya. Shi ne ya rubuta wa halifan littafin Kitabul Kharaj a kan haraji da dukiyar baitulmali. Amma tun kafin a ƙirƙiro muƙamin, an yi alƙalin da har yau ake buga misali da shi, wato Shuraihu, wanda Sayyidina Umar ya naɗa a Kufa, ya shafe kimanin shekara 60 yana shari'a. Malaman tarihi sun rawaito cewa Sayyidina Aliyu, yana kan halifanci, ya ga sulkensa da ya ɓata a hannun wani mutum wanda ba Musulmi ba, sai ya kai ƙara gaban Shuraihu kamar kowane talaka. Da alƙali ya nemi shaidu, ya gabatar da ɗansa Hasan a cikinsu, Shuraihu kuwa ya ce ba ya karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa, ya bar wa mutumin sulken. Abin da ya fi burge ni a wannan ƙissa shi ne halifan ya karɓi hukuncin.

Wannan ya kawo mu ga tambayar wata malama, wadda ta ce: shin mai mulki yana da ikon tsige alƙali idan hukuncinsa bai yi masa daɗi ba? Malama, a da can haka abin yake a wurare da dama. A Ingila, Sarki James na Ɗaya ya tara manyan alƙalansa a shekarar 1616, ya nemi su yi alkawarin dakatar da duk shari'ar da ya ce ta shafi ikonsa. Duk suka sunkuyar da kai in ban da Sir Edward Coke, wanda ya ce idan ranar ta zo zai yi abin da ya kamaci alƙali. Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka raba shi da muƙaminsa. Sai a dokar da majalisar ƙasar ta yi a 1701 aka tanadi cewa alƙali zai ci gaba da aiki muddin bai aikata ashsha ba, kuma ba za a cire shi ba sai zaurukan majalisar guda biyu sun nemi hakan. Ƙasashe da yawa sun ɗauki irin wannan tanadi a tsarin mulkinsu.

Sai dai rubutu a takarda ba ya tare bindiga. A watan Satumba na 1972, lokacin mulkin Idi Amin, an shiga babbar kotun Kampala aka yi awon gaba da Alƙalin Alƙalan Yuganda, Benedicto Kiwanuka, aka kashe shi. A Ghana ma, a daren 30 ga Yuni 1982 aka sace alƙalan babbar kotu uku daga gidajensu aka hallaka su, cikinsu har da mace, Mai Shari'a Cecilia Koranteng-Addow. Lauyoyin ƙasar suna tunawa da wannan rana duk shekara.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibin shari'a ta fito, kuma a kanta za mu ɗan daɗe. Ya ce: mene ne amfanin alƙali ɗaya ya saɓa wa abokan zamansa, alhali hukuncin masu rinjaye ne zai yi aiki? Ɗan'uwa, a ranar da aka karanta shi, hukuncin maras rinjaye ba ya fitar da kowa daga kurkuku, wannan gaskiya ne. Amma ka saurari abin da ya faru a Indiya.

A watan Yuni na 1975 gwamnatin Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci, aka tsare dubban mutane ba tare da gurfanar da su ba. Manyan kotunan jihohi da dama suka ce wanda aka tsare yana da damar neman kotu ta binciki dalilin tsare shi, sai gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli, inda alƙalai biyar suka zauna. A yayin sauraro, Mai Shari'a Hans Raj Khanna ya tambayi babban lauyan gwamnati ko hujjarsa tana nufin idan jami'in tsaro ya kashe mutum haka kawai babu kotun da za ta saurari kuka, lauyan kuwa ya amsa cewa muddin dokar ta-ɓaci tana aiki, haka ne. A ranar 28 ga Afrilu 1976 alƙalai huɗu suka ba gwamnati gaskiya. Khanna shi kaɗai ya rubuta cewa ko da dokar ta-ɓaci, hukuma ba ta da ikon raba mutum da ransa ko 'yancinsa ba bisa doka ba.

Ya san abin da zai biyo baya, domin shi ne ke kan layin zama Alƙalin Alƙalai. A watan Janairu na 1977 aka tsallake shi aka naɗa na bayansa, M. H. Beg, ɗaya daga cikin huɗun nan, shi kuwa ya ajiye aiki nan take. Ya rasu a 2008 yana da shekara 95. Bayan rasuwarsa, ɗaya daga cikin masu rinjayen, P. N. Bhagwati, ya fito fili a 2011 ya amsa cewa sun yi kuskure. A watan Agusta na 2017 kuma alƙalai tara na Kotun Ƙolin suka zauna a wata shari'a, aka soke hukuncin 1976, aka tabbatar da ra'ayin Khanna. Wanda ya rubuta cewa tsohon hukuncin cike yake da kuskure shi ne Mai Shari'a D. Y. Chandrachud, ɗan Y. V. Chandrachud, wanda shi ma yana cikin alƙalai huɗun da suka goyi bayan gwamnati shekara 41 kafin nan.

Lokaci ya yi mana halinsa, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.