Amsoshin Tambayoyinku: Kotun Soja ko ta Farar Hula?

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a Marwa ta ƙasar Kamaru, wanda ke tambaya ko kotun soja ce ta fi dacewa da waɗanda ake zargi da ta'addanci, ko kuwa kotun farar hula.

Malam, ba mu yi mamakin fitowar tambayar daga wajenku ba, tunda dokar yaƙi da ta'addanci da Kamaru ta kafa a 2014 ta ba kotunan soja hurumin hukunta fararen hula. Masu goyon bayan wannan tsari suna cewa kotun soja ta fi sauri, kuma ba ta tona asirin jami'an tsaro a bainar jama'a. Sai dai abin da ya faru a Amurka bai gaskata zancen saurin ba.

A Nuwamban 2001 Shugaba George W. Bush ya ba da umarnin kafa kotunan soja na musamman, aka fara kai fursunoni sansanin sojan Amurka na Guantanamo a Janairun 2002. Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, an kama shi a Rawalpindi ta ƙasar Pakistan tun 2003, amma aka haura shekara 20 kotun soja ta Guantanamo ba ta yanke masa hukunci ba, kuma babban abin da ya cije shari'ar shi ne azabar da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta gana masa, wadda ta sa lauyoyi suka yi ta jayayya kan ingancin ikirarinsa. Shi kuwa Umar Faruk Abdulmutallab, ɗan Najeriyar da ya nemi tayar da bam a jirgin da ke shirin sauka Detroit a Disamban 2009, kotun tarayya ta farar hula ce ta yi masa ɗaurin rai da rai a Fabrairun 2012. A ganinmu, ta farar hular ce ta fi cika aiki.

Wata mai sauraro daga Minna kuma ta tambaya ko shari'ar 'yan Boko Haram da aka fara a Kainji a Oktoban 2017 ta soja ce. A'a, Malama, alƙalan Babbar Kotun Tarayya ne suka zauna, barikin soja masauki kawai ya ba su. Abin da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka soka shi ne yadda aka yi zaman farko a asirce, ba tare da 'yan jarida ba.