Sharhi: Gayyar Ceto Gaɓar Kogin Amerikan a Sakramento

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai kai mu birnin Sakramento, fadar gwamnatin jihar Kalifoniya a Amurka, inda mutanen gari suka shafe shekaru suna faɗi-tashin kare wani dausayi da ya ratsa tsakiyar birninsu daga ɓarnar da tantunan da marasa matsuguni ke kafawa ba bisa ƙa'ida ba suke yi masa.

Wurin, wanda ake kira American River Parkway, kurmi ne da fadama da suka bi gaɓar Kogin Amerikan tsawon kilomita 37, tun daga madatsar ruwa ta Nimbus har zuwa mahaɗarsa da Kogin Sakramento a wurin shaƙatawa na Discovery Park, girmansa kuma ya kai kimanin eka 4,800. Akwai barewa a cikinsa, akwai tsuntsaye iri-iri, akwai kuma hanyar masu keke da masu tafiyar ƙasa wadda ta miƙe har tafkin Folsom. Duk shekara da kaka kifin salmon yakan baro teku ya hauro kogin domin ya zuba ƙwai a cikin tsakuwarsa, sannan daga wannan kogi birnin yake ɗiban wani kaso na ruwan shansa.

Ba haka kawai aka wayi gari aka ga wannan ni'ima ba. Bayan an kammala madatsun Folsom da Nimbus a tsakiyar shekarun 1950, masu gine-gine sun fara kwaɗayin filayen gaɓar, sai wasu mazauna birnin suka tashi tsaye, suka kafa ƙungiyar ceto kogin da ake kira SARA a 1961, suka matsa wa hukumar gunduma har ta riƙa sayen filayen tana keɓe wa jama'a. Jihar ta sanya wannan sashe na kogin cikin kogunan da doka ta ba kariya a 1972, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981, sannan aka kafa gidauniyar kula da dausayin a 1983. Wato tun asali gumin mutanen gari ne ya samar da wurin, shi ya sa suke jin zafin lalacewarsa kamar a jikinsu.

Ɓarnar kuwa ba ƙarama ba ce. Kusan ba a samun ruwan sama a Sakramento daga watan Yuni zuwa Satumba, ciyawa takan bushe ƙamas, ta yadda murhun da aka hura a gindin bishiya domin dafa abinci yakan isa ya cinye kurmin da ya yi shekaru da dama yana girma. Ana sare rassa a yi makamashi, ana tattake tsirran bakin ruwa har ƙasa ta zaizaye, babu makewayi, babu wurin zuba shara. Abin da ya fi tayar wa hukumomin hana ambaliya hankali shi ne haƙar jinga, domin wasu sukan yanki jikin jingar da ke tare ruwa su daidaita wurin kafa tanti ko su sassaƙa matakala. Sakramento na cikin biranen Amurka da suka fi fuskantar haɗarin ambaliya, waɗanda suka ga ruwan 1986 da na 1997 kuma sun san cewa rami ɗaya a jikin jinga yana iya zama ƙofar da kogi zai bi ya shiga unguwanni.

A nan ne aikin gayya ya shigo. Gidauniyar ta raba gaɓar mil-mil, kowane mil da masu aikin sa-kai da suka ɗauki alhakinsa, kuma duk watan Satumba akan yi babbar gayyar share kogin. Wanda ya je wurin da sassafe zai ga dattijuwa mai furfura sanye da safar hannu, riƙe da sandar tsintar shara, tana ɗaga allurar da aka yar a cikin ciyawa a hankali tana jefawa a cikin robar da aka tanada. Can ƙasa kuma zai ga mutum uku ko huɗu tsundum cikin taɓo har gwiwa, sun ɗaura igiya a jikin kurar sayayya ta kanti da laka ta binne, suna ja suna hutawa, ga jiƙaƙƙiyar katifa da tukunyar gas da matattun batura a gefe suna jiran a kwashe. Babu mai biyansu ko sisi. Sun kuma san cewa idan suka dawo bayan mako biyu suna iya tarar da wurin ya koma yadda yake, amma duk da haka suna dawowa, kuma wannan juriya ta cancanci a jinjina mata.

Sai dai su kansu sun fahimci cewa kwasar shara ba za ta ƙare ba muddin mutane na kwana a wurin. Ƙidayar marasa matsuguni a gundumar Sakramento ta nuna mutum 5,570 a 2019, ta haura zuwa 9,278 a 2022, kafin ta sauko zuwa 6,615 a 2024. Tsadar haya ce ta kori da yawansu daga gidaje, wasu kuma suna fama da taɓin hankali ko shaye-shaye, gaɓar kogi ta zama wurin da za su fake ba tare da mai shago ko ɗan sanda ya tashe su kowace safiya ba. Hukumomi sun daɗe suna cewa hannunsu a ɗaure yake, saboda hukuncin da wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke a 2018 a shari'ar birnin Boise, wanda ya hana a hukunta mutum don ya kwana a fili idan babu gadon da za a ba shi. Bayan matsin lambar ƙungiyoyin kare kogin, majalisar gundumar ta haramta kafa tanti a dausayin a watan Agustan 2022, sannan a watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass, ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai 6 a kan 3 cewa birane na da ikon aiwatar da irin wannan hani.

A ganina hanin daidai ne, kuma ina faɗin haka ne saboda kogin da kuma saboda mutanen da ke kwana a bakinsa. Gaɓar kogi ba wurin zaman ɗan Adam ba ce. Idan aka saki ruwa daga madatsar Folsom a lokacin damina, Discovery Park yakan nutse, a guguwar watan Janairun 2023 kuma bishiyoyi sun faɗo kan tantuna sun hallaka marasa matsuguni biyu a Sakramento. Wanda ya ce a ƙyale su a wurin don tausayi, bai tsaya ya dubi irin kwanan da suke yi ba.

Amma akwai abin da ya kamata masu kishin kogin su riƙe da hannu biyu. Idan jami'ai suka zo da motar kwasar kaya suka rushe tantuna ba tare da an tanadi inda za a kai mutanen ba, abin da ke faruwa shi ne su tattara abin da ya rage musu su matsa gaba, su shige can cikin kurmi inda ido ba ya kaiwa, ko su koma bakin ƙoramun da ke malala cikin kogin, sharar ta sake biyo ruwa ta dawo. A cikin irin wannan kora ne mutum yake rasa katin shaidarsa da maganinsa da wayar da ma'aikacin jin ƙai yake nemansa da ita, abin da ke ƙara nesanta shi da samun ɗaki. Haka kuma bai kamata a ɗora musu kowane laifi ba, domin binciken da aka yi kan ƙwayoyin cutar da ake samu a ruwan wannan sashe na kogin ya nuna cewa kashin tsuntsaye da na karnuka na da babban kaso a ciki.

Saboda haka muryar da ta tilasta aka kafa dokar hani ita ce ya kamata ta cika zauren majalisar gunduma ranar da ake tattauna kasafin kuɗi, ta nemi a faɗi adadin gadajen kwana da aka ƙara, da ɗakunan haya masu rahusa da aka gina, da guraben jinyar masu taɓin hankali da aka buɗe. Haka nan ta nemi a ware kuɗin sake dasa bishiyoyi a wuraren da gobara ta cinye, da na toshe ramukan jinga kafin ruwan damina mai zuwa ya sauko daga duwatsun Sierra Nevada.

Masu sauraro, a nan za mu dasa aya. Mu kasance lafiya.