Akwatin gaggawa na gidana, da dalilin da ya sa ba antibiyotik a ciki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau akwatin gaggawa na gidana zan buɗe muku, don an sha tambayata ko ni ma na bi sahun masu tara antibiyotik a nan Amurka.

Akwai mutane a ƙasar nan da suka mai da shirin bala'i sana'a: ruwa, abincin gwangwani, janareta, sai magani. Ban ga laifinsu ba gaba ɗaya. A ƙarshen 2022 amoxicillin na ruwa, antibiyotik ɗin da ake ba yara, ya yi wuyar samu, iyaye na yawo kanti-kanti. A Satumban 2024 kuma ambaliyar guguwar Helene ta tsayar da masana'antar Baxter da ke North Carolina, wadda ke samar da kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwan da ake ƙara wa majinyata, har asibitoci suka ɗage wasu tiyata. Tsoron yana da tushe.

Inda muka raba gari da su shi ne nan. Likita ba zai rubuta maka antibiyotik kana lafiya lau ba, sai wasu suka koma sayen na kifi. Eh, kifin ado na cikin gilashi. Kwalba ce da hoton kifi, an rubuta ba na mutum ba ne. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ba ta taɓa amincewa da shi ba, a ƙarshen 2023 ma ta aika wa masu sayarwa takardun gargaɗi.

To a ce ma maganin na gaske ne. Wanne za ka sha? Mura da yawancin ciwon maƙogwaro bairas ne, antibiyotik ba ya taɓa su. Ciwon fitsari, ƙurji, ciwon huhu, kowanne da nasa maganin da nasa kwanakin. Doxycycline ana kauce masa ga mai ciki. Ciprofloxacin na iya tsinka jijiyar agara. Wanda jikinsa ba ya karɓar penisilin kuwa, maƙogwaronsa na iya kumbura cikin 'yan mintuna, a ranar da hanya ta toshe, motar asibiti ba za ta iso ba. Tun 1945 Fleming, wanda ya gano penisilin, ya gargaɗi mutane cewa shan maganin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayar cuta taurin kai, kuma a 2019 cututtukan da suka daina jin magani sun kashe kimanin mutum miliyan 1.27 a duniya.

Masu tara magani sukan ce ai sojoji sun gwada, magani na wuce ranar da aka rubuta. Gaskiya ne, tun 1986 suke wannan gwajin, amma a rumbun da ake lura da zafi da laima, ba a banɗaki ba.

Bari in matso da kamara. Ga maganin da ake sha kullum a gidan nan, na kwana bakwai kamar yadda Red Cross ke ba da shawara. Ga ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, ga bandeji, sabulu, ma'aunin zafi, farasitamol. Wannan mai lanƙwasassun shafuka shi ne littafin kiwon lafiya Where There Is No Doctor na David Werner, wanda aka fara rubutawa don ƙauyukan Meziko. Na takarda na saya da gangan, don ranar da ba wuta ba intanet, waya ado ce kawai. Abin da na fi so a cikinsa, yana faɗa maka lokacin da za ka daina dabara ka nemi asibiti ko ta halin ƙaƙa.

Mai doguwar tafiya zuwa inda ba likita, ya je ya yi bayani, likitansa na iya rubuta masa da yadda zai sha. Wannan daban ne. Sai takardar nan ta cikin leda: sunan kowa, maganinsa, adadin da yake sha, da maganin da jikinsa ba ya karɓa. Ku rubuta taku da biro, ku sa kwafi a mota.