Muryar 'Yan Kallo a Fina-finan Almarar Kimiyya: Yaushe Take Gyara, Yaushe Take Ɓarna?

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A farkon shekarar 1968, wasiƙu suka riƙa kwarara ofishin gidan talabijin na NBC da ke Amurka, buhu-buhu. Labari ne ya bazu cewa za a dakatar da shirin Star Trek bayan zango na biyu. Wata mata mai suna Bjo Trimble da mijinta John suka tashi haiƙan, suna roƙon duk mai son shirin ya rubuta wasiƙa, ya kuma sa wani ya rubuta. Lokacin babu intanet, babu wayar hannu, sai takarda da biro da kan sarki. Wasiƙun suka yi yawa har sai da NBC ta sanar a talabijin cewa shirin zai dawo. An ƙara zango ɗaya, aka rufe shi a 1969, amma mutanen nan ba su watse ba. A 1976 suka juya kan Shugaba Gerald Ford da wasiƙu, har aka raɗa wa kumbon gwaji na hukumar NASA suna Enterprise, sunan jirgin da ke cikin shirin. Bayan shekara uku Star Trek ya fito a silima.

Me ya sa masoyan irin waɗannan fina-finai suka fi kowa zafin kishi? A fim ɗin soyayya ko na barkwanci, duniyar da ake ciki ita ce wadda kowa ya sani. A nan kuwa mai shiryawa gina duniya yake yi daga tushe: yadda jirgi ke ratsa taurari, abin da mutum-mutumi zai iya da abin da ya fi ƙarfinsa, wa ke mulkin wa. Mai kallo sai ya zauna ya haddace waɗannan dokoki. Akwai waɗanda har harshen Klingon suka koya, harshen da masanin harsuna Marc Okrand ya tsara domin fina-finan Star Trek. Wanda ya zuba shekarunsa haka yana jin yana da haƙƙi a cikin labarin, kuma in sabon fim ya karya wata doka, ji yake kamar an ci amanarsa. Su ma kamfanonin ba sa iya toshe kunne, domin babban fim irin wannan yakan lashe dala miliyan ɗari, wani ma ɗari biyu, kafin a sayar da tikiti ko ɗaya.

Mu duba inda suka ta yi amfani. A watan Afrilun 2019 aka saki tallan fim ɗin Sonic the Hedgehog, wanda aka gina kan wata halitta da aka daɗe da sani a wasan bidiyo. Mutane suka ga wata halitta mai ƙananan idanu, dogayen ƙafafu, da haƙora jere reras irin na ɗan Adam. Aka yi ca. Amma ku lura da irin sukar: kowa na nuna abu takamaimai, ga idon, ga bakin, ga yadda ya kamata ya kasance, wasu ma har zana gyaran suka yi da hannunsu. Cikin 'yan kwanaki darakta Jeff Fowler ya ce ya ji. Kamfanin Paramount ya ɗage fim ɗin daga Nuwamban 2019 zuwa Fabrairun 2020, aka sake zana Sonic, kuma waɗanda suka yi ƙorafin suka fito suka kalla. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan ɗari uku.

To, ga ɗaya fuskar, wadda ita ce ke ci mini rai. A 1999 Ahmed Best ya taka rawar Jar Jar Binks a Star Wars. Mutane da yawa ba su so wannan halitta ba, kuma suna da damar faɗin haka. Sai dai zagin ya tsallake fim ɗin ya sauka a kan mutumin, wanda aiki kawai aka ba shi ya yi. A 2018 ya bayyana cewa abin ya kai shi har ya yi tunanin kashe kansa. A wannan shekarar ce kuma Kelly Marie Tran, wadda ta fito a The Last Jedi, wani fim na jerin Star Wars, ta goge duk hotunanta a Instagram bayan watanni ana cin mutuncinta kan launin fatarta da jinsinta da surarta. Ba ita ta rubuta labarin ba, ba ita ta ba da umarni ba. Da aka fito da fim ɗin da ya biyo baya a labarin, The Rise of Skywalker, a 2019, rawarta ta ragu sosai, ba ta kai minti biyu a fuskar allo ba. Ko ma mene ne dalilin masu shiryawa, abin da masu zagin suka fahimta shi ne hayaniyarsu ta biya. Shi kansa fim ɗin ya yi ta ƙoƙarin lallashin kowane ɓangare, ya ƙare bai gamsar da yawancinsu ba.

Har maki ma an mayar da shi makami. Kafin a saki Captain Marvel a 2019, wasu suka yi gangami suna zuba masa baƙaƙen maganganu a Rotten Tomatoes, shafin intanet da ake ba fina-finai maki da sharhi, alhali ba wanda ya gan shi. Dole aka hana sharhin masu kallo kafin fim ya fito, daga baya kuma aka fara ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti.

Akwai kuma wani abu da masu saurin yanke hukunci ke mantawa. Ranar 25 ga Yunin 1982 fina-finai biyu suka fito tare, Blade Runner na Ridley Scott da The Thing na John Carpenter. Makonni biyu kafin nan fim ɗin E.T. ya riga ya kwashe zukatan jama'a. Dukansu biyun ba su yi kasuwa ba, masu sharhi da dama kuma suka yi musu kaca-kaca. Abin da ya cece su shi ne kaset ɗin bidiyo, da tsirarun mutanen da suka riƙa maimaita kallo suna jawo abokansu. Yau ana lissafa su cikin manyan fina-finan wannan fanni. Da a ce ihun makon farko ne ke yanke hukunci, da an binne su tun lokacin.

Sai dai so a baki ba ya biyan kuɗin fim. An dakatar da shirin Firefly a 2002, masoyansa suka sayi faifansa da yawa har kamfanin Universal ya yarda a ci gaba da labarin a fim ɗin Serenity, aka sake shi a 2005. Da ya fito, abin da ya samu a silima bai wuce kusan abin da aka kashe ba, maganar ci gaba ta mutu a nan. Haka Blade Runner 2049 na Denis Villeneuve a 2017: an shekara talatin da biyar ana jira, ya sha yabo, amma kujerun silima ba su cika yadda kuɗinsa ke buƙata ba.

Shi dai wannan Villeneuve ɗin ne ya ɗauki kasada da fim ɗin Dune, wanda aka ɗauko daga littafi mai wannan suna. Rabin littafin kawai ya ɗauka, babu tabbacin za a ba shi kuɗin ƙarasa sauran. Fim ɗin ya fito a Amurka a Oktoban 2021, annobar korona ba ta gama lafawa ba, ana kuma nuna shi a manhajar kallon fina-finai ta HBO Max a rana guda, wato kowa na iya zama a gida ya kalla. Duk da haka mutane suka fita suka sayi tikiti. Cikin 'yan kwanaki kamfanin Legendary ya sanar da kashi na biyu, wanda ya fito a 2024 ya tara sama da dala miliyan ɗari bakwai.