Daga Fadamar Galma Zuwa Teburin Girgije: Hira Kan Saƙon Na'urori

AMINU: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Daga Samaru muke zuwa muku, nan Zariya, ni Aminu tare da Malam Kabiru da Hauwa. Yau zancen na'urorin da ke aika saƙo da kansu za mu yi, da yadda mai rubuta manhaja zai zuba saƙon a cikin tebur a rumbun bayanai na girgije, wato wanda ke kan kwamfutocin kamfani da ake kaiwa ta intanet. Hauwa, ke kika taso da maganar, bismillah.

HAUWA: Yawwa, Yaya Aminu. A ce mai noman rani a fadamar Galma ya binne na'urar auna damshin ƙasa a gonar tumatir, an haɗa ta da ɗan allon nan ESP32, wanda kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016. Duk bayan minti goma sai ta ce: ni ce na'ura kaza, damshi kaza, ƙarfe kaza. To ina saƙon zai sauka, wa kuma zai rubuta shi?

MALAM KABIRU: Kafin masauki sai an yi maganar hanya. Yawanci da MQTT ake aikawa, wata ƙa'ida ce ta aika gajerun saƙonni tsakanin na'urori. A 1999 Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka ƙirƙiro shi domin sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, inda data ke da tsada, layi kuma yana yankewa.

AMINU: Ashe dai da mu aka yi lissafin.

MALAM KABIRU: Kamar sun san halinmu! To in da Amazon kake aiki, saƙon zai faɗa AWS IoT Core, sashensu mai karɓar saƙon na'urori, wanda aka buɗe a 2015. Daga nan ko dai ka kafa doka a can ta zuba shi kai tsaye a DynamoDB, rumbun bayanansu mai tebur, ko ka sa dokar ta kira ɗan aikin Lambda, wato guntuwar manhaja da ke tashi in saƙo ya zo, wadda ka rubuta da Python, shi ya duba saƙon, sannan ya kira put_item, umarnin rubuta layi a tebur, na boto3, kayan aikin Python na magana da Amazon. Ni na biyun nake so, domin ina iya tace shara kafin ta shiga.

HAUWA: Malam, me zai hana na'urar ta rubuta a tebur da kanta, a huta da ɗan tsakiya?

MALAM KABIRU: Tana iyawa, amma sai kin ɗora mata mabuɗin sirrin asusunki. Abin da aka bari a gona, ba mai gadi? Wanda ya tsince ta ya tsinci asusun. Ta hanyar IoT Core kuwa kowace na'ura da takardar shaidarta, da iyakar inda aka yarje mata ta aika saƙo. In an sace ɗaya, sai ki soke tata kaɗai, sauran su ci gaba da aiki.

AMINU: To rubutun kansa fa? Na ga bai wuce layi huɗu ko biyar ba.

MALAM KABIRU: Rubutun ba wuya. Zaɓen makullin tebur ne ke kayar da mutane. DynamoDB, tun fitowarsa a 2012, da makulli yake gane kowane layi, kuma put_item in ya tarar da layi mai makulli iri ɗaya, murƙushe shi yake yi, ba sallama. In lambar na'ura kaɗai ka sa, saƙon ƙarfe goma zai goge na ƙarfe tara da minti hamsin. Ka wayi gari na'ura ashirin, layi ashirin, tarihi ya tafi.

HAUWA: Shi ya sa ake haɗa biyu: lambar na'ura a matsayin makullin rabo, lokaci a matsayin makullin jeri. Sai ka ce a ba ni na na'ura kaza daga asuba zuwa azahar, su fito a jere.

MALAM KABIRU: Madalla. Amma lokacin wa? Na na'ura, ko na sa'ar da saƙo ya iso?

HAUWA: Na isowa mana, ai agogon girgije ba ya kuskure.

MALAM KABIRU: A'a ƙanwata, nan ne ban yarda ba. MQTT yana da matakin isarwa uku, sifili da ɗaya da biyu, IoT Core kuma sifili da ɗaya kawai yake karɓa. Mataki na ɗaya alkawarinsa shi ne saƙo zai isa aƙalla sau ɗaya. Aƙalla fa. In na'ura ta aika, sabis ya ɗauke kafin amsa ta dawo mata, za ta sake aikawa. Da lokacin isowa, kin samu layi biyu na abu ɗaya, lissafinki ya ɓaci. Da lokacin na'ura kuwa, na biyun zai hau kan na farko, kamar ba a yi ba.

AMINU: Kuma in sabis ya ɗauke tun magariba sai safe ya dawo, saƙonnin dare duk a minti ɗaya za su kwararo.

MALAM KABIRU: Sai tebur ya nuna maka wai da hantsi aka yi awon dare gaba ɗaya. Kamar mai shago ne da ke rubuta bashi da ranar da ya tuna, ba ranar da aka karɓi kaya ba.

HAUWA: Na ji, amma Malam agogon na'urar fa? ESP32 in wuta ta ɗauke ya sake tashi bai samu intanet ya daidaita agogo ba, daga 1970 yake fara ƙirga.

MALAM KABIRU: Wannan gaskiyarki ce, kuma a garin nan ba sai an tambaya ko wuta za ta ɗauke ba. A saka masa ɗan agogo mai batir irin DS3231. Sannan a Lambda, duk saƙon da shekararsa ba ta yi kama da hankali ba, a ware shi gefe, kada a jefar. Kuma a ajiye lokaci da UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya. Najeriya tana gaba da awa ɗaya, sai wajen nunawa a ƙara. Lokacin isowar ma a ajiye shi a wani gurbi, yana da amfani wajen gano inda sabis ke wahalarwa.

HAUWA: Akwai wani ƙaramin tarko da ke ɗaure wa sababbin hannu kai. boto3 ba ya karɓar lamba mai ɗigo irin ta float. Ka aika 27.5 haka nan, sai ya ƙi. Dole a mayar da ita Decimal, kuma mafi sauƙi a yi hakan tun wajen karanta JSON ɗin, wato tsarin rubutun da saƙon ke zuwa a ciki.

AMINU: Mu zo kan kuɗi, tunda da dala ake biya.

MALAM KABIRU: Kowane rubutu da kilobait ɗaya-ɗaya ake auna shi, ko saƙonka bai cika ba. In ka ɗan haura, an caje ka biyu. Saboda haka a taƙaita sunayen gurabe, kada a cusa hoto ko dogon bayani. Iyakar layi ɗaya ma kilobait 400 ce. Akwai tura layi 25 a kira ɗaya, yana rage zirga-zirga amma ba ya rage kuɗin rubutun. Abin da ke rage kuɗin ajiya shi ne TTL: ka sa wa layi ranar ƙarewa, rumbun ya share shi da kansa kyauta. Damshin ƙasar bara na kowane minti goma, wa zai nema? A fitar da matsakaicin kowace rana a ajiye, sauran su tafi.

HAUWA: Masu bincike a IAR, cibiyar binciken aikin gona ta nan Samaru, ba za su yarda da kai ba, Malam. Su ɗanyen awon suke so.

MALAM KABIRU: To su kwashe shi zuwa S3, ma'ajiyar fayiloli ta Amazon, can ajiya ta fi araha.

AMINU: Sai batun inda za a kafa teburin. Amazon ya buɗe cibiyarsa ta Cape Town a 2020, wasu kuma na Turai suke zaɓa.

MALAM KABIRU: Ga saƙon minti goma-goma, nisa ba ya damun kowa. A duba farashi, kuma a tabbatar tebur da Lambda da IoT Core suna yanki ɗaya.

AMINU: Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, Hauwa za ta nuna yadda ake karanto bayanan a aika wa manomi saƙon tes cewa gona na neman ruwa.

HAUWA: Da Hausa kuwa, har da ajami in waya ta yarda.

AMINU: Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.